Bayan an fito daga ɗakin tiyata: tambayoyi da amsoshi kan warkewa

Da zarar an turo marar lafiya daga ɗakin tiyata, dangi sai hamdala, a shiga buga waya ana sanar da 'yan uwa cewa an yi aiki lafiya. Hamdalar a kan hanya take, sai dai da sauran rina a kaba. Tambayoyin nan su ne waɗanda marasa lafiya da masu jinya suka fi yi a bakin gado da kuma bayan an koma gida. Duk inda amsa ta saɓa da umarnin likitan da ya yi aikin, a bi nasa, domin shi ya ga cikin.

Likita ya ce aiki ya yi kyau. To me kuma ake tsoro?

Kwanakin da ke biye. A 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru. An bi diddigin mutum 11,422 da aka yi wa tiyata. Kusan ɗaya cikin biyar ya gamu da wata matsala bayan aiki, kuma wadda ta fi yawa ita ce shigar ƙwayoyin cuta, wajen mutum ɗaya cikin goma. Mutum 239 suka rasu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 225 daga cikinsu ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin baya, a kan gadon jinya.

Waɗannan mutane sun fi takwarorinsu na ƙasashe masu arziki ƙuruciya, ba su kuma kai su tarin cututtuka ba, amma haɗarin mutuwarsu ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu. Masu binciken sun danganta hakan da ƙarancin ma'aikata da kayan aiki: jikin mutum yana sauyawa, ba wanda ya lura sai lokaci ya ƙure. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya ya ga nas ɗaya ko biyu suna fama da gadaje masu yawa cikin dare, ya san abin da ake nufi.

An ba ni ranar aiki nan da wata guda. Akwai abin da zan yi tun yanzu?

Akwai, kuma watan nan riba ne. Mai shan taba ya ajiye ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa wanda ya daina taba mako huɗu ko fiye kafin tiyata ya fi samun sauƙin warkewa, domin hayaƙin yana rage iskar da jini ke kai wa ciwo, yana kuma jawo matsalar huhu bayan allurar barci. Shisha ma taba ce.

Mai ciwon suga ya daidaita sugansa, saboda ciwo ba ya haɗewa da wuri a jikin da suga ya hau, kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun wurin zama. Mai hawan jini ya riƙe maganinsa. A auna jini, in ya yi ƙasa a gyara tun yanzu da abinci da ƙwayoyin ƙarin jini, ya fi a zo ana neman mai ba da jini a gigice. Mai sikila ya faɗa tun ranar farko, don akwai tanadi na musamman da ake yi masa game da ruwa da iska da ɗumin jiki. Sannan a riƙa tafiya a ƙasa kullum gwargwadon hali. Ƙafar da ta saba takawa ita ke saurin sauka daga gado.

Dole ne in faɗa wa likita cewa ina shan maganin gargajiya?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jiƙo, tsimi, garin magani, maganin basir, maganin ƙarfin maza, kayan mata, duk a faɗa. Wasu suna tsinka jini har ya ƙi tsayawa a lokacin aiki, wasu suna taɓa hanta ko ƙoda, wasu kuma ba sa jituwa da maganin sa barci. Hatta tafarnuwa da citta, in ana shan su da yawa a matsayin magani, suna iya ƙara zubar jini. Likitocin sa barci sun fi son a dakatar da irin waɗannan mako biyu kafin aiki.

Haka magungunan asibiti. A zuba su duka a leda a kai wa likita ya gani da idonsa, musamman aspirin da warfarin masu tsinka jini, da magungunan suga. Shi zai ce wanne za a tsayar, wanne za a sha har safiyar aiki. Mai shan tramadol ko kodin kullum shi ma ya cire kunya ya faɗa, in ba haka ba za a ba shi maganin zafi daidai na kowa, ya ƙi yi masa aiki, a rasa dalili.

Me ya sa ake hana ci da sha kafin aiki? Ko kurɓin koko ba zan yi ba?

Idan mutum ya yi barcin allura, maƙogwaronsa ba ya iya tare abin da ya taso daga ciki. Abinci na iya gangarawa huhu, kuma wannan yana kisa. Ƙa'idar da aka fi bi yanzu ita ce awa 6 ba abinci, awa 8 in mai maiƙo ne, ruwa zalla kuma ana iya sha har saura awa 2. Koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Jariri mai shan nonon uwa awa 4 ne. Wasu asibitocin har yanzu suna cewa daga sha biyun dare kada a sa komai a baki. A bi abin da aka ce, amma in aiki ya ja har yamma ana jira, a tambayi nas ko za a iya shan ruwa ko a sa ƙarin ruwa.

In kuma an yi kuskure an ci, a faɗi gaskiya. Uwar da ta ji tausayin kukan yaro ta ba shi biskit a ɓoye ba ta taimake shi ba. Ɗage aiki zuwa gobe abu ne mai sauƙi.

In aske gashin wurin tun daga gida?

A'a. Reza tana barin ƙananan yankuna da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su kwana a ciki. In akwai buƙata, ma'aikata za su rage gashin da injin aski dab da aiki. Naka dai ka yi wanka da sabulu.

Ma'aikata sun yi ta tambayata sunana da wurin da za a yi aikin, har na fara shakkar ko sun san abin da suke yi.

Akasin haka ne. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tantancewa mai abubuwa 19 da ake dubawa kafin a sa mutum barci, kafin a fara yanka, da kafin a fitar da shi: sunansa, wane aiki, dama ko hagu, maganin da jikinsa ba ya so, ko an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko auduga da kayan aiki sun cika bayan an ƙirga. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa 7. In an tambaye ka sau biyar, ka amsa sau biyar.

Jiya aka yi mini aiki, yau nas ta ce in tashi in taka. Ɗinkin ba zai farke ba?

A nan ake yawan samun saɓani tsakanin ma'aikata da dangi. Mu a wurinmu kula da marar lafiya shi ne a ce masa kwanta, kada ka motsa, a kawo masa komai har bakin gado. Nas ta zo ta ce a tashe shi, sai a ga kamar ba ta da imani.

Likitoci ma a da haka suka ɗauka. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Denmark, Henrik Kehlet, shi ya nuna a shekarun 1990 cewa wanda aka yanke wa wani sashe na babban hanji zai iya komawa gida cikin kwana biyu zuwa uku, a lokacin da aka saba kwantar da irinsu mako guda ko fiye. Ba wani sabon magani ya ƙirƙiro ba. Ya kashe zafi yadda ya kamata, ya ciyar da su da wuri, ya tashe su da wuri, ya rage robobin da ake barin su a jiki. Daga wannan ne aka gina tsarin da ake kira ERAS, wato hanzarta warkewa bayan tiyata, wanda aka kafa ƙungiyarsa a birnin Stockholm a 2010, kuma yanzu ana bin sa har a aikin haihuwa.

Doguwar kwanciya tana da illa uku manya. Jini yana daskarewa a jijiyoyin ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, mutumin da ake shirin sallama ya yanke jiki ya faɗi. Majina tana taruwa a ƙasan huhu ta zama nimoniya. Hanji kuma yana yin kasala, ciki ya kumbura. Ga tsoho akwai ƙari: kwana kaɗan a kwance ƙarfin ƙafarsa ya tafi, bayansa ya fara gyambo.

Ɗinki kuwa hawa-hawa ake yin sa tun daga ciki, da zare mai ƙarfi, tafiya a hankali ba ta farka shi. Yadda ake yi: a juya a kan gefe, a zuro ƙafafu, a dafa gado da hannu a tashi zaune. A ɗan zauna jiri ya wuce. Sannan a miƙe da mutum a gefe, ko taku biyar ne. Da yamma a ƙara. Wanda aka hana tashi saboda irin aikinsa, kamar na ƙashi ko na baya, ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki.

Ina jin tari amma ina tsoron yi.

Ka yi shi. Rungume matashin kai ko naɗaɗɗen zane a kan ciwon, ka danna, ka yi tarin. Kowace awa in kana farke ka ja dogon numfashi kamar sau goma, kana riƙewa kaɗan kafin ka saki.

Yaushe zan fara cin abinci? An ce sai na yi tusa.

Fitar iska alama ce cewa hanji ya farka, shi ya sa likita ke tambaya a zagayen safe, kuma ba abin kunya ba ne ko da surukai na wurin. Amma a yawancin ayyuka, har da na haihuwa, yanzu ba a jiran ta kafin a fara kurɓar ruwa. Cikin awoyi kaɗan ake farawa, a bi da shayi, koko, sannan abinci mai laushi. Aikin hanji ko na tumbi ne ke da nasa tsari, a jira izini. Taunar cingam ma tana taimaka wa hanji ya motsa.

Akwai masu hana marar lafiya ƙwai da wake da gyaɗa da kifi, wai suna sa ciwo ya yi ruwa. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya. Waɗannan abincin da ake hanawa su ne ma kayan da jiki ke gina sabon nama da su. A ba shi ƙwai, farfesun kaza ko kifi, alale, nono mai tsabta, zogale, lemo da gwanda. Kayan lambu da ruwa suna kuma hana bayan gida yin tauri, wanda yunƙurinsa ke wahalar da mai ɗinki a ciki.

Ba gara in daure ba, da in yi ta shan maganin zafi?

Dauriya a nan ba jarumta ba ce. Mai jin zafi ba ya tashi, ba ya tari, ba ya barci, ba ya ci. A sha magani a kan lokacin da aka rubuta, kada a bari sai zafin ya kai intaha. Farasitamol ga babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a kuma lura cewa magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai shi a ciki. Diclofenac da ibuprofen suna aiki sosai, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kada ya taɓa su sai da izini. Tramadol na kwanaki kaɗan ne. In na asibiti ya ƙare kada a je kemis a ƙaro.

Wanda aka yi wa allurar baya wani lokaci yakan sami ciwon kai mai tsananta in ya zauna, ya lafa in ya kwanta. Sananne ne, a gaya wa ma'aikata. Zafin da kullum ƙaruwa yake maimakon raguwa kuwa, wannan ba na neman ƙarin magani ba ne, na ganin likita ne.

Me zan shafa wa ciwon ya yi saurin bushewa?

Ba komai. Na taɓa zuwa dubiyar wani dattijo da aka yi wa aikin gwaiwa. Na tarar an ɗaye filastar, an fasa kafso ja da baƙi an barbaɗa garin a kan ɗinkin, ga tsumma an ɗaure. Wanda ya yi hakan ɗansa ne, kuma da kyakkyawar niyya ya yi, wai ciwon yana buƙatar shan iska. Bayan kwana uku sai da aka koma asibiti aka warware zare biyu mugunya ta fita, jinyar mako biyu ta koma ta wata guda da rabi. Toka, man shafawa, man goge baki, garin magani, duk hanyarsu ɗaya. Ƙasa da kashin dabbobi kuwa har ciwon sarƙewar haƙora suna jawowa.

A bar bandejin farko awa 48 sai in ya jiƙe. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa kusa da wurin. Bayan kwana biyu yawanci ana iya wanka, ruwa ya bi ta kai, ba a dirzawa, a tsane da tsumma mai tsabta. Zare iri biyu ne: mai narkewa da kansa, da wanda ake cirewa, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14. A tambaya wanne aka sa.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya fi amfani shi ne wanda ake bayarwa dab da fara yanka. In ba a tarar da ƙwayoyin cuta a wurin aikin ba, ci gaba da sha bayansa ba ya ƙara kariya, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Likitan da ya sallame ka ba tare da shi ba, ba rowa ya yi maka ba.

Waɗanne alamu ne za su sa mu koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba mu ba?

Zazzaɓi da ya kai 38 a ma'auni, ko rawar sanyi. Kada a yanke hukuncin maleriya ce a gida. Ciwon ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, yana fitar da mugunya ko wari, ko bakinsa ya buɗe. Jini mai jiƙa bandeji. Amai ba ƙaƙƙautawa, ciki ya kumbura, ba iska ba bayan gida. Fitsari ya tsaya ko ya ragu sosai. Ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa tana ciwo. Kada a matsa ta, kada a kai wa mai ɗori. Numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji farat ɗaya, ko ruɗewa, ko barcin da ba a iya tashin mutum: waɗannan ko tsakar dare ne a nemi mota.

Ni ce mai jinya. Ban da wanki da kawo abinci, me zan iya yi?

Ke ce idon da ba ya barin gadon. Nas tana zagayawa, ke kina zaune. Ki san yadda numfashinsa yake: babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, ki ƙirga da agogon waya. Ki duba jakar fitsari, tana taruwa ko ta tsaya. Ki taɓa hannunsa, in ya yi sanyi yana gumi, ko ya soma magana ba kan gado, ko ya daina gane mutane, ki tashi ki kira. Tsofaffi sukan ruɗe bayan aiki, a ce aljanu ne ko tsufa, alhali sau da yawa alamar cuta ce ko ƙarancin iska ko ruwa.

Kara da kawaici su ne ke cutar mu a nan. Ana ganin abu, a ce bari gari ya waye, kada a dami ma'aikata. Ki je da ladabi, ki faɗi abin da kika gani dalla-dalla: tun la'asar bai yi fitsari ba, numfashinsa ya kai talatin. Irin wannan magana ta fi sa a taso da sauri a kan a ce jikin nasa dai sai a hankali. In ba a zo ba, ki koma.

Sai masu dubiya. Zumunci ne kuma lada ne, amma mutum goma a kan gado ɗaya, wani na tari, wata na son ganin ɗinkin, ba alheri ba ne. A gaisa, a yi addu'a, a taƙaita. Mai mura ya yi dubiyarsa ta waya.

An yi mini aikin haihuwa. Zan yi wankan jego?

Wanka da ruwa mai ɗumi, e. Tafasasshen ruwa da ake fyaɗawa da ganye, da gasa ciki, da danna shi da tsumma mai zafi, a'a. Fatar da ke kusa da ɗinkin takan yi makonni ba ta ji sosai, sai ta ƙone mai jego ba ta sani ba. Kunun kanwa ma a yi hattara: tun shekarun 1970 likitocin da suka yi bincike a Zariya suka alaƙanta yawan kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, kuma wadda ta yi hawan jini ko jijjiga ta fi kowa shiga haɗari. In iyaye sun matsa, miji ya shiga maganar, ko a zo da su su ji daga bakin ungozomar asibiti.

Shayarwa ana fara ta da zarar uwa ta farfaɗo. A kwanta a gefe ko a sa matashi a kan cinya don kada jariri ya danne ciwon. Ciki na gaba a ba shi tazara, aƙalla wata 18 zuwa 24, domin tabon mahaifa ya yi ƙwari, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, tun farkon naƙuda.

Sallah da azumi fa?

Addini ya sauƙaƙa. Wanda ba ya iya tsayuwa ya yi a zaune, wanda ba ya iya zama ya yi a kwance, inda ruwa zai cutar akwai taimama. Ruku'u da sujada suna matsa ciki, don haka mai ɗinki a ciki ya tambayi likita yaushe zai koma yi, wanda aka yi wa aikin ido kuwa lallai ya tambaya, don akan hana shi sunkuyar da kai na wani lokaci. Azumi marar lafiya yana da izinin ajiyewa ya rama. Jikin da ke haɗa ciwo yana buƙatar ruwa da abinci da magani a kan lokaci, ƙishirwa kuma tana ƙara haɗarin daskarewar jini.

Yaushe zan koma gona ko kasuwa, ko in hau babur?

Ya danganta da aikin. Bayan aikin ciki ko na gwaiwa ko na haihuwa, ana so a yi mako 4 zuwa 6 ba a ɗaga abu mai nauyi ba: jarkar ruwa, buhu, daka, jan guga, goyon babban yaro. Fata takan haɗe cikin mako biyu, sai mutum ya ga kamar ya warke, amma naman ciki yana ɗaukar watanni kafin ƙarfinsa ya dawo, kuma gaggawa a nan ita ke sa wurin ɗinkin ya bullo daga baya, a sake komawa ɗakin tiyata. Tuƙi sai ranar da za ka iya taka birki da ƙarfi ba ka ji zafi ba, kuma ba ka shan maganin da ke sa barci. Bayan babur a kan hanya mai ramuka, a haƙura da shi makonnin farko in da hali.

Kafin ka bar asibiti ka tabbata an rubuta maka sunan aikin da aka yi, magunguna da lokutansu, ranar cire zare, ranar dawowa, da inda za ka nufa in wani abu ya taso da dare. In an cire wani abu an kai gwaji, ka tambayi ranar karɓar sakamakon, ka kuma je ka karɓa ko da ka ji garau.